Babi na Shida: Tsohuwar Tabar Habana

A cikin dukkan abubuwan da 'yan Adam suke tarawa su ɓoye, suna gasa a kansu, suna zuba dukiya don su mallake su, tun daga littattafan da aka rubuta da hannu har zuwa duwatsun wuya da ma'aunan zinariya na tagulla waɗanda dillalan unguwar Nima ta Akra suka shahara da fataucinsu, kamar yadda bayani ya gabata, babu wanda ya kai tsohuwar tabar Habana ban mamaki. Domin kuwa littafi ana karanta shi ya zauna yadda yake, dutsen wuya a rataya shi ran salla a cire a mayar cikin adaka, amma ita wannan ba ta da wani amfani face a cinna mata wuta, ranar da mai ita ya more ta kuwa, ranar ce dukiyarsa ta koma toka. Duk da haka akwai attajirai a Landan da Janeba da Hong Kong waɗanda ke gina ɗaki musamman dominta, su yi shekara da shekaru suna duba lafiyarta, in an yi gwanjonta su aika wakili ya yi ta ƙara tayi har sai an sallama masa.

Ba sigarin takarda ake nufi ba, irin wanda ake zarowa daga kwali a teburin bakin titi. Wannan taba ce mai kaurin babban yatsa, ganye zalla ciki da waje, wadda ake naɗewa da hannu kashi uku: ganyen ciki wanda ke ɗauke da ɗanɗano, da na tsakiya wanda ke ɗaure shi, da na waje mai santsi wanda shi ne rigarta. Mafi daraja ana noma ta ne a wani yanki na yammacin tsibirin Kyuba da ake kira Vuelta Abajo, cikin lardin Pinar del Río, inda ake shanya ganyen a rumfuna na tsawon makonni, a tara shi tsibi-tsibi ya yi zafi ya nuna, sa'an nan a ɗaure shi cikin ɓawon itacen dabinon ƙasar a ajiye, wani har shekaru, kafin ya isa hannun mai naɗi a birnin Habana. Gidajen da ke wannan sana'a tsofaffi ne ƙwarai: H. Upmann tun 1844, Partagás tun 1845, Romeo y Julieta tun 1875. Akwai wata al'ada tasu da za ta burge duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu, ita ce tun 1865 ake ɗaukar mutum ya hau kan dakali a tsakiyar ma'aikata yana karanta musu jarida da littattafai da babbar murya, su kuwa hannuwansu na aiki, kunnuwansu na wajen karatu.

Sabuwar taba tana da kaifi da wani hamami mai hawa hanci, saboda ganyen bai gama sakin abin da ke cikinsa ba. In ta daɗe a ajiye sai kaifin ya kwanta, ƙamshin ya daidaita. Nan ne masu wannan harka suka yi tarayya da Bahaushe da ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma maganar tana da iyaka, domin su da kansu sun yarda cewa bayan shekaru masu yawa ɗanɗanon kan fara gudu, har a wayi gari kara ya cika kyan gani, alhali in an kunna shi kusan hayaƙin banza ne. Ashe ke nan abin da ke ɗaga farashinta ba daɗi ne kaɗai ba. Akwai ƙaranci, akwai kuma tarihi.

Ƙarancin kuwa siyasa ce ta haife shi. A watan Satumba na 1960 gwamnatin Fidel Castro ta karɓe manyan masana'antun taba daga hannun masu su, iyalai da yawa suka yi hijira da sunayen gidajensu zuwa wasu ƙasashe. A watan Fabrairu na 1962 kuma Shugaba Kennedy na Amurka ya rufe ƙofar ciniki tsakanin ƙasarsa da Kyuba. Kakakinsa, Pierre Salinger, ya ba da labari da bakinsa cewa kafin shugaban ya sa hannu a takardar sai da ya aike shi ya sayo masa tabar Upmann, ya yi ta nema a kantuna har ya haɗa kara 1,200, da ya kawo rahoto da safe sai shugaban ya jawo takarda ya rattaba hannu. Ko mai mulkin duniya, in ya zo hana abin da yake so, yakan fara cika aljihunsa. Tun daga ranar duk akwatin da ya fita Kyuba kafin takunkumin ya zama wani jinsi dabam, wanda ba ya ƙaruwa sai raguwa, tun da kowane kara da aka sha ya tafi ke nan. Irin haka ta sake faruwa a 1991, lokacin da aka daina naɗa tabar Davidoff da ta Dunhill a Kyuba, ragowar da ke kantuna ta zama abin nema. A ƙarshen shekarun 1990 har gidan gwanjon Christie's na Landan, wanda aka sani da zane-zane da lu'ulu'u, ya shiga kiran tayi a kan akwatunan taba.

Wani lokaci ma tarihin kan rabu da tabar gaba ɗaya. A 2017 an sayar da guntun taba a Amurka a kan kuɗi fiye da dala 12,000, ba don komai ba sai don Winston Churchill ne ya sha rabinsa ya ajiye a filin jirgin sama na Faris a 1947, wani sojan sama na Ingila ya tsince ya adana. Haka kuma da aka gano jirgin ruwan Central America, wanda ya nutse a 1857 bayan ya tashi daga Habana, an samu karan taba a cikin adakar wani fasinja, sun kwana a ƙarƙashin teku shekara fiye da ɗari da talatin. Babu mai hankalin da zai sa ɗaya daga cikin waɗannan a baka.

To, yadda ake ajiye ta shi ne inda mutumin zango zai fahimci al'amarin tun kafin a gama yi masa bayani, domin kakanninsa goro ne ya kawo su ƙasar Gana, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, bayan yaƙin Salaga na 1892 kuma suka bazu zuwa Kumasi da Kete Krachi da bakin teku. Wanda ya taɓa ganin mai goro ya kwance huhu, ya ɗaga ganyen fita ya shinshina, ya yayyafa ruwa daidai gwargwado, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya yana fitar da mai sankara don kada ya ɓata 'yan'uwansa, ya mai da sabon ganye ya ɗaure, ya riga ya ga aikin mai ajiyar tabar Habana. Ita ma in ta bushe sai rigarta ta tsage, mai da ke cikin ganyen ya tafi ba ya dawowa. In laima ta yi mata yawa sai ta yi fumfuna. Abin da take so shi ne damshin iska tsakanin kashi 65 da 70 cikin ɗari, da sanyi wajen digiri 16 zuwa 18, dare da rana, rani da damina, ba tare da yankewa ba. Tana kuma da nata ƙwaro, ɗan ƙarami ja-ja, wanda ƙwansa ke kwance cikin ganye, da zarar zafi ya yi yawa sai ya ƙyanƙyashe ya huda karan da 'yan ramuka kamar na allura, ya bar gari a gindin akwati. Saboda haka ne tsofaffin kantunan unguwar St James's a Landan suke da ɗakunan ajiya inda mai saye ke barin kayansa amana, da sunansa a jikin akwati, ya riƙa aikowa ana ɗebo masa kaɗan-kaɗan. Mafi ingancin tsohuwar tabar da ke fitowa gwanjo daga irin waɗannan ɗakuna take.

Duk wanda ya san Akra ya san wannan sharaɗi bai dace da ita ba. Iskar teku na shigowa da laima mai nauyi mafi yawan shekara, zafin ɗakin kwano a Nima ko Mamobi da azahar ba sai an faɗa ba, sa'an nan hunturu ya sauko daga arewa ya busar da komai cikin 'yan kwanaki. Alhali kuwa hulɗa tsakanin Gana da Kyuba tsohuwa ce: Che Guevara ya ziyarci Kwame Nkrumah a watan Janairu na 1965, daga 1983 kuma, zamanin Rawlings, an yi ta aika yaran Gana karatu a Tsibirin Matasa na Kyuba, likitocin Kyuba su ma sun daɗe suna aiki a asibitocin ƙasar. Akwatin taba kuwa shi ne tsarabar wannan tsibiri, tabar Cohiba ma da aka fara naɗawa a 1966 don Castro ta yi shekaru ana ba da ita kyauta ga manyan baƙi kafin a sake ta kasuwa a 1982. Amma akwatin da ya kwana shekara arba'in a ƙarƙashin gado a wannan gari, in an buɗe shi, katakon da takardun jikinsa su ne abin ɗauka. Abin ban sha'awa, itacen nan mai ƙamshi da ake sassaƙa akwatunan da shi, wanda masana ke kira Cedrela, an daɗe da kawo irinsa daga ƙasashen Amurka, yana nan an dasa shi da yawa a gandun dajin Gana.

Tun da lafiyar tabar ta rataya ga yadda aka riƙe ta a kowace rana ta rayuwarta, mai saye kuwa bai halarci ko ɗaya daga cikin ranakun ba, sai ciniki ya koma kan abin da malaman hadisi ke kira isnadi: wa ya karɓa daga wa, shi kuma amintacce ne ko kuwa, akwai yankewa a tsakani ko babu. Akwatin da aka san ya fito daga masana'anta zuwa kanti sananne, daga kantin zuwa ɗakin ajiyar mutum ɗaya, da rasit da littafin shiga, ya fi wanda ya fi shi tsufa amma ba a san inda ya yi shekara goma ba. Bayan isnadi sai a duba matani, wato jikin akwatin. Akwai koren hatimin gwamnatin Kyuba da doka ta wajabta tun 1912, wanda zanensa ya sha canzawa, kowane canji kuwa shaida ne na zamani. Akwai tambarin da ake ƙonawa a gindin akwati, wanda a da ake rubuta shi da Ingilishi, bayan juyin mulki aka mai da shi harshen Sifaniya. Daga 1985 aka fara buga alamar masana'anta da ta wata da shekara. Sunan kamfanin Habanos kuma bai bayyana ba sai 1994. Wanda ya ga wannan suna a kan akwatin da aka ce masa na zamanin Kennedy ne, ba ya bukatar ƙarin bincike.

Wannan fanni dillalinmu ba baƙo ba ne a cikinsa. Je ka rumfunan masu kayan tarihi a Cibiyar Fasaha da ke bakin teku, ko ka bi ɗayansu zuwa ɗakinsa a cikin lungunan Nima inda yake ɓoye na ƙwarai, ka ga yadda zai warware tsumma a hankali, ya fito da ɗan ma'aunin tagulla, ya ɗora maka a tafin hannu bai ce uffan ba. In ka ce, "Alhaji, wannan daga ina?" sai ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba kayan kasuwa ba ne, daga gidan sarauta ya fito, jikan mai shi ne ya kawo mini da hannunsa." In ka taya, ya ce albarka, ya fara naɗe tsummansa. Rabin abin da kake biya kuɗin wannan labari ne, shi ya sani, kai ma ka sani. Wani masani, Christopher Steiner, ya rubuta littafi a 1994 a kan irin waɗannan 'yan kasuwa a Abijan, Hausawa na cikin manyansu, ya bayyana yadda ake tsofar da sabon sassaƙa da hayaƙi da ƙasa da sauran dabaru har ya yi kama da na kaka da kakanni. Haka nan ake yi wa taba: a samo tsohon akwati na gaske a cika shi da sabon naɗi, ko a buga zoben takarda na jabu a zura wa kara. 'Yan yawon buɗe ido da yawa sun komo daga Habana da Cohiba a cikin akwati mai murfin gilashi suna murna, alhali masana'antar ba ta sayar da ita a irin wannan akwati.

Akwai ma wata mas'ala a nan wadda ɗalibin fiƙihu zai so. Akwatin da ba a taɓa fasa hatiminsa ba ya fi daraja, don haka sau da yawa mai saye kan biya kuɗin abin da bai gani ba, ba kuma zai gani ba sai ya rage wa kayansa daraja da hannunsa. A zahiri wannan ya yi kama da garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Sai dai Imamu Malik ya halatta sayen dilar kaya a ɗaure bisa ga takardar da ta siffanta abin da ke ciki, Ibn Abi Zaid ma ya kawo hukuncin a Risala, da sharaɗin in an kwance aka tarar da saɓanin siffa mai saye yana da zaɓi. Gidajen gwanjon Turai, ba tare da sun karanta Risala ba, a kan siffantawa cinikinsu ya tsaya.

Amma kafin a kai ga wannan reshe sai an wuce asali, shi ne hukuncin tabar kanta, a nan kuwa zango ya daɗe da yanke shawara. Taba ta iso Tumbutu da Maroko a ƙarshen ƙarni na 16, malamai suka rabu a kanta nan da nan. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta risala a 1607 yana ganin halaccinta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. A Masar, Ali al-Ajhuri ya bi wannan ra'ayi, Ibrahim al-Laƙƙani kuwa ya yi fatawar a nisance ta, dukansu biyu kuma Malikawa ne. A Istambul, Sarki Muradu na Huɗu ya hana ta a 1633 da horo mai tsanani. Ƙasar Hausa ta noma ta, ta kuma ƙware, har Baturen nan matafiyi Barth a 1853, yana shirin tafiya Tumbutu, ya yi guzurin tabar Katsina saboda darajarta a can. Tsofaffi suna tauna garinta da kanwa, mata suna goga furenta a haƙora tare da goro. Sai dai ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta yi ƙarfi ƙwarai a zangunan Gana, musamman tun ziyarce-ziyarcen Shehu Ibrahim Inyass a shekarun 1950, ta tsananta a kan taba matuƙa, Ahlus Sunna da suka zo daga baya kuma, duk da saɓanin da ke tsakaninsu da 'yan ɗariƙa a kan mas'aloli da dama, ba su saɓa musu a kan wannan ba. Likitoci sun zo da hujjar da Ahmad Baba bai samu ba a zamaninsa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum fiye da miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara, kaurin kara ko tsadarsa kuwa ba ya kare baki da maƙogwaro daga ciwon daji. Dokar lafiyar jama'a ta Gana ta 2012 ta hana tallanta da shanta a wuraren taruwa. Attajirin Nima, in Allah ya buɗa masa, gini yake yi, ya biya wa iyaye kujerar Makka, ya tara turare da manyan riguna. A ce ya zuba dukiya a kan ganyen da za a ƙona, wannan sunansa almubazzaranci ko a bakin wanda bai yi nisa a karatu ba.

Duk da haka, tsakaninmu da naɗaɗɗiyar taba ta hayin teku akwai tsohon lissafi mai nauyi. A Bahiya ta ƙasar Barazil ana ware taba kashi-kashi, mai kyau ta tafi Lisbon, ta ƙarshe kuwa, wadda aka hana shigar da ita Fotugal, sai a murɗe ta kamar igiya, a shafe ta da ruwan rake mai kauri don kada ta bushe, a naɗe cikin fata a yo gaɓar Afirka ta Yamma da ita. Wannan zaƙi ya sa ta karɓu a nan fiye da kowace taba, har Turawan Holan, da suka ƙwace Elmina a 1637, suka wajabta wa jiragen Bahiya su tsaya a can su ba da ushirin tabar da suka ɗauko kafin su wuce gabas. Abin da ake saye da ita a Wida da Porto-Novo da Ikko mutane ne. Bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804, Hausawa da yawa suna cikin waɗanda aka auna da dammunan taba aka tsallaka da su, su ne kuma suka shirya bore a Bahiya a 1807, suka tayar da wani a 1814, kafin babban boren Musulmi na watan Ramalana a Janairun 1835. A shekara mai bi, 1836, wani ayari na 'yantattu daga Barazil ya sauka Akra, mutanen unguwar Otublohum suka karɓe su suka ba su masauki, akwai Musulmi a cikinsu. Zuriyarsu su ne Tabom, gidansu na nan a Jamestown ana kiransa Gidan Barazil, Shugaba Lula na Barazil ma ya gana da su a ziyararsa ta 2005. Ƙasar da aka noma waccan taba, kewayen Cachoeira da São Félix, har yau ana naɗa taba mai tsada a cikinta.

Saboda haka wanda ke da sha'awar tara kayan taba a wannan gari, in ya bar ganye ya nemi mazubi, zai tarar da fili a buɗe. Akwai battar fata da tsofaffi ke zuba gari a ciki, wadda ake ɗinkawa a yi mata ado da zane; akwai lofen tagulla da na yumɓu; akwai gwangwanayen sigari masu cin kara hamsin na zamanin Turawa, waɗanda bayan an shanye abin ciki mata suka mai da su ma'auni a kasuwa, suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har fentinsu ya goge; akwai kwalaye da allunan talla na kamfanin Pioneer, wanda ya kafa masana'anta a Takoradi a shekarun 1950, aka rufe ta a 2006. Waɗannan laima ba ta cin su da sauri, ƙwaro bai damu da su ba, malam ma ba zai ɗaure fuska don ya ga batta wofi a kan kanta ba.

Lofen yumɓu kuwa ya riga ya tabbatar da amfaninsa ga ilmi. A farkon shekarun 1960 wani mai binciken kufai a Jami'ar Legon, Paul Ozanne, ya tattara fasassun lofuna daga tsofaffin garuruwan da ke kewaye da Akra, ya jera su bisa yadda siffar gindinsu da bakinsu ta riƙa sauyawa daga tsara zuwa tsara. Cikin wuraren akwai Ayawaso, tsohuwar hedikwatar mutanen Gā wadda Akwamu suka rushe a 1677, sunan da gundumomin Nima da Mamobi ke amsawa a yau. Da yake an san shekarar da garin ya faɗi, an kuma san taba ba ta iso gaɓar nan ba sai bayan da jiragen Turawa suka fara zirga-zirga zuwa Amurka, sai lofen ya zama ma'aunin zamani, wanda masu haƙa a Gana suka daɗe suna gwada shekarun kufai da shi in sun ci karo da guntunsa a cikin ƙasa.